Yajin 'Yan Matan Gidan Ashana

A cikin kayan da mu ke taɓawa kullum, da wuya a sami abin da aka raina kamar ashana. A ƙyasta, a hura wuta, a yar da tsinken, ba mai waiwayarsa. To, wannan makon labarin ashana na kawo muku, da na waɗansu 'yan mata da suka yi aikinta a birnin Landan, ƙasar Ingila, cikin shekarar 1888. Talakawa ne liƙis, da yawansu ko takalmin kirki ba su da shi, amma sun tsaya wa ɗaya daga cikin manyan kamfanonin ƙasarsu har ya saurare su. Ke da ki ke shirin gama makaranta ki kama aiki, da ke da maigidanki ke karɓar albashi ƙarshen wata, duk kuna da rabo a cikin wannan labari.

Kun sha jin ana cewa ma'aikata sun tafi yajin aiki. Kalmar nan a wurinmu mata aka aro ta, gama mu ne aka sani da yaji. Mace ta ga an ƙuntata mata, sai ta ɗauki mayafinta ta tafi gidansu, ba ta komowa sai an je biko an daidaita. Na ma'aikata ma haka ya ke, sai dai ma'aikaci ɗaya ba ya iya yinsa. In ya fita shi kaɗai, kafin rana ta faɗi an ɗauki wani a gurbinsa. Sai in duk sun fita tare, injin ya tsaya, sa'an nan mai kamfani zai aiko biko. Wannan haɗa kai, da shugabanni da asusu da littafin sunaye, shi a ke kira ƙungiyar ma'aikata.

A Ingila an daɗe ana ɗaukar irin wannan haɗa kai laifi ne. Cikin 1799 da 1800 Majalisar Dokoki ta yi dokokin da suka hana ma'aikata taruwa don neman ƙarin lada, ba a soke su ba sai 1824. Bayan an soke ma ba a huta ba. Cikin 1834 waɗansu 'yan ƙodagon gona su shida a wani ƙauye mai suna Tolpuddle suka kafa 'yar ƙungiya, domin an zabge ladansu ya koma sule 7 a mako, ana kuma shirin ƙara zabgewa. Aka kama su, aka tono wata tsohuwar doka ta hana rantsuwar asiri, aka yanke musu zaman shekara 7 a Ostareliya, can bangon duniya. Sai da jama'a suka yi ca, mutane wajen 800,000 suka sa hannu a takardar roƙo, kana aka yafe musu cikin 1836. Doka ba ta amince da ƙungiyoyi sosai ba sai 1871. To, amma ƙungiyoyin zamanin nan yawancinsu na maza ne masu sana'ar hannu, kamar kafintoci da makanikai da masu buga littattafai, waɗanda ke da halin biyan kuɗin ƙungiya. Lebura da mace kuwa, gani a ke yi ba su da natsuwar da za su haɗu, ko sun haɗu yunwa za ta watsa su cikin kwana biyu.

Gidan ashanan da mu ke magana na kamfanin Bryant & May ne, yana unguwar Bow, gabashin Landan, wajen da talakawa suka fi yawa. Mata da 'yan mata fiye da dubu ke aiki a ciki, waɗansunsu ba su wuce shekara 13 ko 14 ba, da yawa kuma 'ya'yan baƙin da talauci ya koro daga ƙasar Ailan ne. Lokacin zafi da ƙarfe 6 da rabi na safe su ke kama aiki, lokacin sanyi da ƙarfe 8, ba su tashi sai 6 na yamma, kuma a tsaye a ke yin aikin. Ba albashi tsayayye gare su ba, gwargwadon abin da hannunki ya yi, gwargwadon ladanki.

Kafin in faɗa muku ladan, bari in tuna muku lissafin kuɗin, gama irinsa ne kakanninmu suka kashe a nan ƙasar kafin naira ta zo cikin 1973. Kwabo 12 su ne sule ɗaya, sule 20 su ne fam ɗaya, taro kwabo 3, sisi kwabo 6. Wata yarinya 'yar shekara 16 da aka ba da labarinta a jarida, sule 4 ta ke samu a mako. Tana zaune ɗaki ɗaya da 'yar uwarta wadda ke samun sule 8 ko 9, suna biyan haya sule 2. Abincinta burodi ne da ɗan man shanu da shayi, safe da rana duk ɗaya.

Da za a ba su ɗan abin nan cif, da da sauƙi. Ina! Tara ta cinye. In aka ga ƙafar yarinya da datti, tarar taro. In ƙarƙashin teburinta bai sharu ba, taro. A wani sashen in ta yi magana da ta kusa da ita, taro. In ta yi latti, a rufe mata ƙofa rabin yini, a cire kwabo 5 daga cikin kwabo 8 na ranar. Irin ashanan da su ke yi kuwa ba ta da wuyar kamawa, tana cikin yanka tsinkaye ko cusa su a kwali sai wuta ta tashi, aikin ya lalace, ba a biyanta, in kuma ta ajiye ƙonannun a kan tebur tarar sule guda. Akwai wadda injin ya kusa yanke mata yatsu, ta janye hannu, aiki ya harɗe. Aka ci ta tarar sule, helma ya ce mata injin za ta kula da shi, ta rabu da zancen yatsunta. Waɗansu kuma a cikin ladansu a ke cire kuɗin fenti da buroshin da su ke yi wa kamfanin aiki da su. Ku duba fa, kamar a ɗauki mace aikin daka ne, sa'an nan a ce ta biya hayar taɓarya.

Akwai waɗanda suka fi su shan wuya ma, watau matan da a ke kai wa aikin haɗa kwalayen ashana a gida. Kwali 144 a ke biya kwabo 2 da kwata, kuma mai aikin ce za ta sayi garin da za ta dama ta liƙe su, da zaren ɗauri, da makamashin busar da su. Uwa da 'ya'yanta ƙanana su wuni su kai dare suna liƙi. Masu ɗinkin hula da saƙa waɗanda a ke kawo wa aiki har ɗaki sun san wannan hali: ko wacce tana nata ɗakin, ba ta san nawa aka biya maƙwabciyarta ba, mai kawo aikin kuwa ya san na kowa.

Amma babbar masifar gidan nan cuta ce. A kan tsinken ashanan zamanin akwai wani sinadari da a ke kira farin fosfaras, shi ke sa ta kama ko a jikin bango aka goga ta. Guba ne. Tururinsa ya cika ɗakunan aiki, ya manne a hannu da tufafi, 'yan matan kuma a nan bakin teburin aikin su ke cin ɗan burodinsu, don ba a ba su wani wuri ba. Guban yakan shiga ta ruɓaɓɓen haƙori. Da fari ciwon haƙori ne kamar na kowa, sai dasashi ya kumbura, haƙora su yi ta girgiɗi, mugunya ta riƙa fita da wari, a hankali ƙashin muƙamuƙi ya ruɓe. An ce har wani ɗan haske kore-kore ƙashin ke yi cikin duhu. Maganinsa a wurin likita shi ne a yanke ƙashin a fitar, yarinya ta zauna da karkatacciyar fuska har ƙarshen ranta. Wadda ba a yi wa da wuri ba, sau da yawa sai mutuwa. Dabarar kamfanin ita ce, wadda ta yi kukan haƙori a ce ta je a cire mata haƙoran, in ta ƙi a sallame ta. Don haka da yawa sukan ɓoye ciwon har ya ci ƙarfinsu.

Abin da ya fi ba ni haushi a nan shi ne, an san hanyar tsira tun da daɗewa. An gano jan fosfaras, wanda ba ya kawo wannan cuta, tun shekarun 1840, mutanen Suwidin kuma suka yi ashana da shi, irin wadda ba ta kamawa sai a gefen kwalinta. Shi kansa kamfanin Bryant & May yana yin irinta. Ƙasar Finlan ta hana farin fosfaras cikin 1872, Denmak cikin 1874. Sai dai mai guban ta fi araha, masu saye sun fi sonta, riba ta fi yawa a cikinta.

Cikin watan Yuni 1888, a wani taron 'yan boko masu neman gyaran zaman talakawa, wata mace mai suna Clementina Black ta yi jawabi a kan ladan da a ke biyan mata ma'aikata. A nan aka bayyana cewa masu hannun jari a kamfanin ashanan nan suna karɓar ribar kashi 20 cikin 100 ko fiye ko wace shekara. Wata 'yar jarida, Annie Besant, tana wurin. Ta tafi bakin ƙofar gidan ashanan ita da wani abokin aikinta Herbert Burrows, suka tambayi 'yan matan da bakinsu. Ran 23 ga Yuni ta buga abin da ta ji a 'yar jaridarta mai suna The Link, ta ce abin da a ke yi a gidan nan bauta ce tsakiyar Landan. Yawancin lissafin tara da lada da na kawo muku a sama daga rubutun nan nata aka san su.

Masu kamfani suka fusata, suka yi kurarin za su kai ta ƙara, ba su kai ba. Sai suka rubuta takarda cewa abin da jarida ta faɗa ƙarya ne, ma'aikata suna jin daɗin aikinsu, suka ba su helma su zaga a sa hannu. 'Yan matan suka ƙi. Ina so 'yan makaranta su tsaya a nan kaɗan. Waɗannan yara ba su yi zurfin karatu ba, sun kuma san ƙin sa hannu na iya raba su da sule 4 ɗin da su ke rayuwa da shi, amma sun gane cewa hannun da suka sa shaida ce da za a nuna wa duniya a ƙaryata su da ita. Ke da aka koya miki karatu da rubutu, duk ran da aka miƙo miki takarda a wurin aiki aka ce sa hannu maza, ki karanta tukuna, tun daga sama har ƙasa, in ba ki gane ba ki nemi a ba ki ki tafi da ita gida.

Da aka ga sun ƙi, sai aka kori ɗaya daga cikinsu, aka laƙa mata wani laifi dabam. Nan fa abin ya fashe. A makon farko na Yuli mata da 'yan mata wajen 1,400 suka ajiye aiki suka fito titi, gidan ashana ya yi tsit. Kamfani ya yi sauri ya ce zai mai da wadda aka kora. Suka ce ai magana ta wuce nan, sai an daina tara.

Shekaru da yawa littattafai suna rubuta cewa Annie Besant ce ta kira yajin ta kuma shugabance shi. Wata masaniyar tarihi, Louise Raw, ta bi tsofaffin takardu ta fitar da littafi cikin 2009, ta nuna ba haka aka yi ba. Ita Besant abin da ta nema shi ne jama'a su daina sayen ashanan kamfanin. Yajin kuwa 'yan matan ne suka yanke shi da kansu, sai bayan sun fita ne wajen 200 daga cikinsu suka tako har ofishinta, suka tura wakilai uku suka shiga neman taimakonta, har ta ji tsoron yadda za a ciyar da wannan taro. Ba yau suka fara ba kuwa. Tun 1871, da gwamnati ta so ɗora haraji a kan ashana, ma'aikatan ashana na unguwar suka yi jerin gwano zuwa Majalisa, aka janye harajin. A ganina ba a rage wa Besant komai ba in an faɗi haka, ta yi aikinta na mai alƙalami, ta yi shi da kyau. Amma an saba, in talaka ya yi abin kirki sai a nemi wani mai suna a ba shi yabon.

Yaji ba ya tafiya sai da abinci, su kuwa ba su da asusu ko na anini. Aka kafa kwamiti, aka buɗe gidauniya, jaridu suka riƙa buga roƙo, mutane suka yi ta aiko da gudummawa. A cikin waɗanda suka zauna suna raba wa 'yan matan kuɗin har da marubucin nan George Bernard Shaw, da wani Sidney Webb, wanda za mu sake gamuwa da shi nan gaba. Ran 11 ga Yuli fiye da 50 daga cikinsu suka tafi Majalisar Dokoki, aka shigar da 12 suka yi wa waɗansu wakilai bayani baki da baki. Kamfani ya yi barazanar kawo ma'aikata daga wani gari, ba wadda ta koma. Sunan kamfanin kuma yana ta ɓaci a jaridu, abin da 'yan kasuwa ba su so ke nan. Majalisar ƙungiyoyin ma'aikata ta Landan, wadda a da ba ta cika kula da irinsu ba, ta shiga tsakani.

Ran 17 ga Yuli aka daidaita. Za a soke tara duka. Za a daina cire kuɗin fenti da buroshi. Duk wadda ta fita za ta koma aikinta, ba ramuwar gayya. Mai kuka za ta kai shi wurin shugabannin kamfani kai tsaye, ba sai ta bi ta hannun helma ba. Za a kuma ware musu ɗakin cin abinci nesa da guba. Kada ku raina wannan na ƙarshe, gama shi ne ya shafi ransu. Kafin watan ya ƙare suka kafa ƙungiyar mata masu aikin ashana, Besant ce sakatariya, Burrows ma'aji, sauran 'yan kwamiti kuwa daga cikin ma'aikatan. Ɗaya daga cikinsu, Sarah Chapman, 'yar shekara 25, ita aka zaɓa ta wakilce su a babban taron ƙungiyoyin ma'aikata da aka yi a Landan a watan Nuwamba na shekarar, ta zauna cikin manyan maza.

Labari ya game gabashin Landan, gida-gida, domin iyaye da mazaje da 'yan uwan 'yan matan nan da yawa 'yan dako ne a tashar jiragen ruwa. Su ma ba su da aiki tsayayye, kullum da asuba sai su yi cincirindo a bakin ƙofa, helma ya tsinci wanda ya ga dama. Cikin 1889 ma'aikatan gidajen gas na birnin suka kafa ƙungiya suka sami aikin awa 8 a rana maimakon 12. A watan Agusta 'yan dako dubbai suka fita, suka yi wajen mako 5, ma'aikatan Ostareliya suka aiko musu da gudummawar kusan fam 30,000, a ƙarshe suka sami abin da suka nema, sisi a ko wace awa. Daga nan ƙungiyoyin leburori suka yi ta tsirowa a Ingila.

Guban fa? Wannan ya daɗe bai tafi ba. An ci gaba da aiki da farin fosfaras a gidan shekara 13 bayan yajin. Cikin 1891 ƙungiyar nan ta agaji, Salvation Army, ta buɗe nata gidan ashana a unguwar, mai aiki da jan fosfaras da lada mai kyau, amma ashanarta ta fi tsada, kasuwa ta yi mata wuya. Cikin 1898 asiri ya tonu cewa Bryant & May yana ɓoye waɗanda suka kamu da ciwon muƙamuƙi, ba ya gaya wa hukuma yadda doka ta ce, aka gurfanar da shi aka ci shi tarar da ba ta taka kara ta karya ba. Sai 1901 ya daina. Waɗansu ƙasashen Turai suka yi yarjejeniyar hana shi a birnin Bern cikin 1906, Ingila ta yi tata doka cikin 1908, ta fara aiki 1910. Ashanan da ke kusa da murhunki, in kin lura, ba ta kamawa sai a gefen kwali. Jan fosfaras ɗin yana jikin wannan ɓangare mai kaushi, ba ya kan tsinken.

Na ce za mu koma kan Sidney Webb. Shekara 41 bayan ya zauna rabon kuɗin yaji, sai ga shi ya zama ministan da ke kula da ƙasashen da Ingila ke mulka, ana kiransa Lord Passfield. Cikin 1930 ya aika wa gwamnonin ƙasashen nan takarda, har da na Nijeriya, cewa su yi dokar da za ta yarda da ƙungiyoyin ma'aikata, a riƙa yi musu rajista. Ma'aikatanmu ba su jira shi ba, gama ma'aikatan gwamnati sun kafa tasu tun 1912, malaman makaranta kuma cikin 1931, amma dokar ba ta fito ba sai 1938. Ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa ta Michael Imoudu ita ce ta fara yin rajista cikin 1940, cikin 1945 kuma aka yi babban yajin nan na fiye da mako 6 a kan tsadar rayuwa. Hutun haihuwa ma da ma'aikatan mata ke ɗauka, asalinsa irin wannan fafutuka ce: Hukumar Ƙwadago ta Duniya, a shekarar da aka kafa ta, 1919, ta rubuta cewa kada a sa mace aiki a masana'anta cikin mako 6 bayan ta haihu, a kuma ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a yini.

Gidan ashana na Bow ya ci gaba da aiki har 1979, daga baya aka mai da ginin gidajen kwana, cikin 2022 kuma aka kafa allon tunawa da 'yan yajin a jikin bangonsa. Sarah Chapman ta yi aure cikin 1891, ta bar aikin, ta rayu a unguwannin nan na gabas har ta rasu cikin 1945 tana da shekara 83. A kabarin talakawa aka binne ta, a maƙabartar Manor Park, ba ko alamar suna. Sai bayan shekara 70 da wani abu aka binciko inda ta ke kwance.